A Haɗa Wa Direba Mashayi Hukunci Da Magani

Kowa ya san abin da a kan yi wa direban da aka kama yana tuƙi cikin maye: a ci shi tara, ko a ɗaure shi 'yan watanni. Ran da ya fito sai ya koma tasha, ya karɓi makulli, ya cika mota da bayin Allah, alhali kuwa jarabar da ta kai shi gaban alƙali tana nan a jikinsa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

A nan Arewa abin bai tsaya ga giya kaɗai ba. Akwai wiwi, da ƙwayar tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigowa da shi a 2018. Direban dogon zango ya kan fara haɗiyar ƙwaya don ya kori barci. Sannu a hankali jiki ya saba, har ya zama in bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi da gumi da makyarkyata. Wanda ya kai haka majinyaci ne, tara kuwa ba ta warkad da ciwo.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A birnin Mayami na Amurka aka kafa kotun mashaya ta farko a 1989, daga baya aka yi irinta musamman domin direbobi. Alƙali ya kan tura mai laifi wurin magani, a riƙa gwada fitsarinsa, yana komowa gaban kotu a kai a kai. In ya saɓa, kurkuku na jiransa. A Ingila ma, direban da ya kammala kwas ɗin da kotu ta ba shi a kan rage masa har rubu'in wa'adin hana tuƙi.

To, mu ma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Muna roƙon Gwamnati ta sa alƙalai su riƙa haɗa hukunci da magani, kada kuma a mayar wa direba lasin sai likita ya shaida ya warke. Shugabannin tasha kuwa su hana sayad da ƙwaya a harabarsu.

Masu cewa wannan sassauci ne ga mai laifi, su tuna hukuncin yana nan daram. Ran da mu ke so a tsare shi ne na fasinjan da zai shiga motar nan gobe. Allah ya kiyaye hanya, amin.