Kada Ku Ware wa Majinyaci Tukunya

Idan likita ya tabbatar mahaifinku na da ciwon suga ko hawan jini, kada ku yi gaggawar ware masa tukunya. Cin abinci shi kaɗai yakan karya zuciyar majinyaci, har ya koma cin abin da aka hana shi a ɓoye. A ganina, gyara dafa-dukar gidan baki ɗaya ya fi alheri. Ku rage shinkafa, ku ƙara wake da alayyahu da busasshen kifi, domin wake da ganye na rage saurin hauhawar suga a jini. Daddawa ta maye gurbin yawan dunƙule, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini. Manja kuwa a auna da cokali. Maganinsa ya ci gaba da sha yadda likita ya tsara.