Korar Ma'aikaci Ba Ta Kashe Haƙƙinsa

Sallamar ma'aikaci iri biyu ce. Akwai wanda ake sallama don kamfani ya karye ko aikin ya ragu, akwai kuma wanda ake kora bisa cewa bai iya aikin ba. Kowace tana da ƙa'idarta, amma abin baƙin ciki shi ne masu kamfanoni da mahukunta kan cakuɗa su, su tsallake ƙa'idar duka biyun, talaka ya kwana a ciki.

A dubi masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da audugar da manoman Arewa, har da na ƙasar Zazzau, suke nomawa. A 2002 aka rufe ta. Babu wanda ya ce masaƙan sun gaza, masana'antar ce ta durƙushe. Amma sai aka bar ma'aikatan fiye da shekara 10 suna zaryar neman kuɗin sallamarsu, da yawa har suka rasu ba su ga ko sisi ba, aka bar zawarawa da marayu da bin sawu. Alhali kuwa masaƙar mallakar jihohin Arewa 19 ce.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 20 ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya tare da duba ƙwazo da riƙon amana, a kuma yi bakin ƙoƙari wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye yana da sanarwar wata guda.

Ɗaya nau'in kuwa, mutanen Limancin Kona da Kwarbai da Kaura ba sa bukatar a ba su labarinsa. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su sami kashi 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, amma hukuncin bai sauya ba. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357.

Babu uban da zai so a danƙa ɗansa ga malamin da bai iya karatu ba, balle a unguwar da aka san ta da malamai da ilimi tun kaka da kakanni. To amma wa ya ɗauke su aikin tun farko? Wa ya bar su shekara da shekaru ba horo, ba bincike? Idan laifin tsuntsu biyu ne, don me za a jefi ɗaya kawai?

Adalci a nan a bayyane yake. A gaya wa ma'aikaci gazawarsa a rubuce, a ba shi horo da wa'adin gyara, a saurari uzurinsa, sannan in rabuwar ta zama dole a biya shi haƙƙinsa kafin ya bar bakin ƙofa. Gumin da ya riga ya zuba bashi ne, kuma faɗuwa jarrabawa ba ta yafe bashi.

Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takardar sallama ya nemi a rubuta masa dalili, kada ya sa hannu kan abin da bai karanta ba, ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta albashi, ya kai maganar ga ƙungiyarsa. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa don irin wannan aka kafa ta. Su kuma masu riƙe da haƙƙin mutane su tuna akwai ranar da ba a biya da naira.