Jinjina ga Masu Tare Annoba a Ƙasar Daura

A watan Afrilun 2020, mutum na farko da korona ta kashe a Jihar Katsina likita ne, kuma a Daura yake aiki. Ba a daɗe ba Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka rufe garin, ba shiga ba fita, ga azumi ya ƙarato. Masu neman na yau da gobe suka haƙura suka zauna a gida. Ma'aikatan lafiya kuwa, da suka ga abin da ya sami ɗan'uwansu, ba su ajiye aiki ba. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Jinjinata ta fi ƙarfi ga waɗanda ba a jin sunansu a rediyo. Matan nan masu bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, su ɗiga wa yaro maganin shan inna, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi alama da alli a jikin bango. Idan maigida ya ce ba za a taɓa masa 'ya'ya ba, mai unguwa ne zai zo ya zauna a zaure, ya yi ta lallashi har a fito da yaran. Da irin wannan haƙurin, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Dattawan da suka ga sanƙarau na 1996, wanda ya ci rayuka sama da 11,000 a Najeriya, su suka san darajar wannan aiki.

Rufe gari ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annobar ɗa'un ta ɓarke, ita ce kuma ta yi ajalin Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Wannan cuta ta lashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong, daga baya aka tabbatar ƙumar jikin ɓera ce ke kai ta ga mutum, ta sa zazzaɓi da kaluluwa a matsematsi ko hammata. Ta shiga Legas a 1924. A 2017 ta kama mutum sama da 2,000 a Madagaska, ta kashe fiye da 200. Yau tana da magani idan an yi hanzari, amma wadda ta kai huhu ba ta ba da lokaci.

A nan sauran aiki yake, domin ɓera bai bar mu ba. Yana cikin rumbu da shagon hatsi, yana bin shanyar da muke bazawa a bakin titi, yana kiwo a bolar bayan gida. Ko ba ɗa'un, fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa. Ga mu kuma a bakin iyaka, mutane da dabbobi na ƙetarowa ta Kwangwalam kullum, kasuwar Mai'adua na tara jama'ar ƙasashe biyu. Cuta ba ta tsayawa a duba mata takarda.

Don haka, hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, yadda kuka tsaya kan rigakafi, ku tsaya kan kwashe shara da rufe hatsi. Shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar kowace ƙaramar asibiti tana da ruwa, safar hannu da magani tun kafin damina, a kuma biya masu bi gida-gida haƙƙinsu a kan lokaci. Kai kuma maigida, in ka ga ɓeraye na mutuwa barkatai, ko mutum biyu sun kwanta da zazzaɓi iri ɗaya a gidanka, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ka sanar da mai unguwa da jami'in lafiya a ranar.