Mai Shago, Ka Tambayi Irin Wayar Tukuna

Makon jiya na saya wa Baba memori mai 64GB don ya zuba tafsirin da yake saurare bayan asuba. Muka saka a 'yar wayarsa mai maɓallai, ta ƙi ganinsa sam. Katin lafiyarsa lau. Galibin irin waɗannan wayoyi tsarin FAT32 suka sani, iyakarsu katin SDHC mai 32GB. Mai 64GB kuwa SDXC ne, da exFAT yake zuwa, wayar ba ta jin yarensa.

Abin da ya ɓata mini rai, mai shagon bai ko tambaye ni wace waya ce ba. Hakkin mai saye ne a tambaye shi, a gwada katin a gabansa. Kwana biyu Baba ya yi bai ji tafsiri ba.