Kwamfuta Ta Yi Wa'azi A Jamus: Ina Muka Dosa?

A watan Yuni na shekarar 2023, mutane fiye da 300 suka taru domin sujada a wata majami'a ta garin Fürth, ƙasar Jamus. Ba fasto ne ya yi wa'azi ba. Fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira ne suka bayyana a allo, suna karanta abin da ChatGPT ya rubuta.

Wannan gwaji ne, kowa ya san na'ura ce. Haɗarin yana inda ba a sani ba. A 2024, 'yan damfara suka kwaikwayi fuska da muryar shugabannin wani kamfani, har ma'aikacinsa a Hong Kong ya aika musu da kusan dala miliyan 25.

To, 'yan'uwa, idan gobe aka kira ku da muryar fastonku ana neman gudummawar asibiti fa? Amana ce ke riƙe da ikilisiya. In ta rushe, zumunci ya rushe.

Littafin Farawa ya koya mana cewa mutum ne aka halitta cikin siffar Allah. Na'ura tana kwaikwayon murya, amma ba ta tuba, ba ta tausayi. Saboda haka dattawa su faɗakar da masu bi: kowane kira na neman kuɗi, a tabbatar da shi ido da ido tukuna.