Sanarwar Bayan Taro Kan Motsa Jiki Ga Masu Doguwar Jinya

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan sashen gashi da masu kula da majinyata a gida ta yi zama na musamman kan halin da masu hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓɓai da shanyewar ɓarin jiki suke ciki. Bayan doguwar tattaunawa, ga abin da aka cimma.

Taron ya nuna damuwa matuƙa kan yadda iyalai, saboda tausayi, suke kwantar da dattijo su hana shi ko ɗaukar buta. Zaman wuri ɗaya yana cinye naman ƙafa, gaɓɓai su sandare, ranar da ya yunƙura zuwa banɗaki kuma sai ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Mai ciwon suga ya fi shiga haɗari, domin idan jijiyoyin tafin ƙafarsa suka lalace ba ya jin inda yake takawa.

Mahalarta sun yi nazarin bitar Cochrane ta 2019, wadda ta tattara gwaje-gwaje 108, ta kuma gano cewa atisaye yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin ɗari. Wanda ya fi amfani shi ne na daidaita tsayuwa: tashi daga kujera a koma, tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, tafiya diddige na bin yatsu. Ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Don haka taron ya amince da shawarar Hukumar Lafiya ta 2020: aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da atisayen tsayuwa kwana 3.

Sai dai an ja kunne kan gaggawa. Binciken AVERT na 2015 ya nuna cewa matsa wa mai shanyewar jiki da yawan tashi cikin awa 24 na farko ba ya haifar da ɗa mai ido. Ma'aikacin gashi ne zai auna majinyaci ya tsara masa gwargwadon ƙarfinsa.

Taron ya yi kira ga gwamnatocin jihohi da su kai ma'aikatan gashi asibitocin ƙananan hukumomi, domin mutumin ƙauye ba zai iya zaryar Asibitin Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano kowane mako ba. Muna roƙon limamai da gidajen rediyo su taya mu isar da wannan saƙo. Ku kuma 'ya'ya da jikoki, ku gyara santsin makewayi, ku sa fitila a hanya, ku riƙe hannun Baba da Inna su taka kullum.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin ƙungiya