KIMIYYA A SAUƘAƘE: In Bututun Wasiƙa Ya Toshe

Zancenmu na wannan mako a kan wasiƙar imel yake, da yadda ake tsare ta daga masu leƙen asirin mutane.

Wasiƙar da aka ɗauko ta ƙofa mai lamba 110 ko 143 ba tare da rufi ba, tsirara take tafiya, har da kalmar sirrin mai ita, tamkar katin gidan waya da duk wanda ya riƙe zai karanta. A shekarar 1995 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙago SSH bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu. Da wannan dabara mutum kan shimfiɗa rufaffen bututu daga kwamfutarsa zuwa uwar garke ta ƙofa ta 22, wasiƙu su riƙa bi ta ciki. Ko da yake yau akwai ƙofofi masu rufi, wato 993 da 995, har yanzu ma'aikatun da suka killace uwar garkensu suna amfani da bututun.

To, in wasiƙa ta ƙi zuwa fa? Sai ka fara bincike daga ƙofar ɗakinka. Da fari, tabbatar SSH kansa yana shiga. In bai shiga ba, watakila katangar tsaro ce ta tare ƙofa ta 22. Na biyu, dubi bakin bututun da ke wajenka. A tsarin Unix, lamba ƙasa da 1024 sai mai cikakken iko ke buɗe ta, don haka zaɓi irin 1143. Na uku, gaya wa manhajar imel ta nufi 127.0.0.1, wato kwamfutarka, a kan wannan lamba. Wanda ya bar mata tsohon adireshi ya gina bututu ne ruwa na bin kwata. Na huɗu, mai kula da uwar garke na iya hana irin wannan tura saƙo da umarnin AllowTcpForwarding, sai a tuntuɓe shi. Kana a tuna, aikawa da wasiƙa ƙofarta daban, 587 ko 25, ita ma tana son nata bututun. In kuwa hanya na yankewa don an daɗe ba motsi, ServerAliveInterval ne maganinta.

Daɗa ga babban gargaɗi. Ran da SSH ya ce makullin uwar garke ya canja, dakata. Mai yiwuwa gyara aka yi, mai yiwuwa kuma ɓarawo ne ya tsaya tsakani yana jiran kalmar sirrinka. Buga wa mai kula da ita waya ka ji gaskiya tukuna. Kada kuma gajiya ta sa ka koma buɗaɗɗiyar ƙofa. Wasiƙar da ta makara gobe za ta iso, amma asirin da ya tonu ba ya komawa rufi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.